Yadda na gyara fitilun jirgin ruwa masu dusashewa idan an kunna famfo

Da zarar famfon kwashe ruwa ya tashi, sai fitilun cikin jirgi su dusashe, rediyo kuma ta ɗauke. Batir ba shi da laifi, mita ta nuna volt 12.6 a kansa. Amma da na auna a allon fis, famfo yana aiki, 10.8 na samu. Wato wuta tana zubewa a hanya. A layin volt 12, asarar da ta wuce kashi 3 cikin ɗari, kusan volt 0.36, ta yi yawa ga famfo da fitilun tuƙi.

Jar wayar da ke kawo wuta daga batir lafiyarta ƙalau. Matsalar tana kan baƙar waya, inda duk na'urorin suke haɗuwa su koma batir. Jirgi ba kamar mota ba ne, ba a mayar da wuta ta gangar jikinsa, don haka in mahaɗa ɗaya ta lalace, kowace na'ura sai ta ji a jikinta. Kan wayar ya yi kore shar, zaren tagullar ya yi baƙi har cikin roba.

Na cire kan batir, na yanke baƙar wayar har inda tagulla take sheƙi, na matse sabon kai, na rufe da robar da zafi ke tsukewa, na goge sandar mahaɗar, na shafa giris. Yanzu allon yana nuna 12.3. Kada a ƙara girman fis, waya yake karewa.