Yadda zaka binciko asalin sunanka da manyan da kuke takwara dasu

Abu na farko, kar ka tsaya kan yadda ake rubuta sunan a wajenku kawai, dan suna yana canza kama in ya shiga wani yare. Mu ɗauki Usman. Daga Larabci yake, kuma abinda ya yaɗa shi a duniyar Musulmi shine Sayyidina Usman bin Affan, halifa na uku, wanda ya rasu a 656. To in zaka yi sachin a Google ka gwada Uthman, Osman da Ousmane, kowanne zai fito maka da mutane daban.

Osman zai kaika Turkiyya, gun wanda ya kafa Daular Usmaniyya, sunansa ma daular ta ɗauka. Ousmane kuma rubutun ƙasashen renon Faransa ne, nan zaka ga Ousmane Dembele ɗan ƙwallon Faransa da ya ci Ballon d'Or a 2025.

Amma inda mutane ke yawan tuntuɓe shine laƙabi, kuma wallahi nan ne daɗin binciken yake, saboda darajar Shehu Usman Ɗan Fodiyo da ya fara jihadi a 1804 sai aka koma kiran mai suna Usman da Shehu, shi yasa Shehu Shagari shugaban Najeriya daga 1979 zuwa 1983 cikakken sunansa akwai Usman a ciki, da yawa basu sani ba.

Duk wanda ka samu, ka duba shekarunsa a wuri biyu kafin ka yarda, intanet akwai shirme. Sannan ka tambayi tsofaffin gidanku sunan wa aka mayar maka.