Yadda tsohon soja zai nemi kujerar majalisar jiha a Najeriya

Farko dai sai ka ajiye kaki, soja mai aiki ba ya takara, doka ta ce ma'aikacin gwamnati ya bar aiki akalla kwana 30 kafin zabe. Shekaru 25 sun isa tun gyaran tsarin mulki na 2018, sai takardar sakandare.

Ka yanki katin jam'iyya a mazabarka don babu takarar indifenda, jam'iyya ce za ta mika sunanka ga INEC bayan zaben fidda gwani. Amma wallahi aikin yana wajen jama'a, ka koma gida da wuri ka rika zuwa jana'iza da daurin aure, ka zauna da dattawa ka saurare su, muryar bariki kuma ka sassauta ta don talaka ba kurtu ba ne.