Canza had-dis ɗin kwamfuta: duba bakinsa kafin ka biya kuɗi

Idan kwamfutar HP ta nuna maka lambar matsala 3F0 a allo, ko Dell ta ce ba ta ga abin da za ta tashi da shi ba, kada ka yi saurin cewa had-dis, wato faifan da ke ajiye bayanan kwamfuta, ya mutu. Fara shiga BIOS, shafin saitin da ake buɗewa da zarar an kunna kwamfuta: a HP danna F10, a Dell kuwa F2. In sunan faifan ya fito, sau da yawa Windows ce ta lalace. In bai fito ba, cire caja da batir, ka kwance murfin, ka zare faifan ka mayar da shi ya zauna daram. Jijjigar kabu-kabu kaɗai tana iya sassauta shi. Amma da ka ji ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, kashe kwamfutar nan take. Allurar karatu ce ta kasa, kuma duk kunnawa tana iya ƙara karce faifan.

Wajen saye ne aka fi yin asara. Laftof tana ɗaukar mai inci 2.5, babbar kwamfutar tebur inci 3.5. Dubi bakin da ake jona shi: mai suna SATA yana da layuka biyu shimfiɗaɗɗu, ƙarami na bayanai, babba na wuta. Tsohon samfurin baki mai suna IDE kuwa allurai ne tsaitsaye, 44 a laftof, 40 a ta tebur, kuma ba ya shiga gurbin SATA ko da za ka kwana kana turawa. Kauri ma abin lura ne, domin mai milimita 9.5 ba zai bar murfin siririyar laftof mai gurbin milimita 7 ya rufu ba.

Sababbin kwamfutoci suna amfani da M.2, ɗan siririn katin ajiyar bayanai da akasari ake rubuta masa 2280. Nan tarkon yake: M.2 iri biyu ne, akwai na SATA, akwai na NVMe. Wani zai shiga ramin sumul, kwamfuta ta ƙi ganinsa. Nemi lambar samfurin a ƙasan kwamfutar, ka bincika irin wanda take karɓa.

Ko a Gusau kake ko Birnin Kebbi, tafi shago da tsohon faifan a aljihu. In tokumbo za ka saya, a jona shi a gabanka a buɗe CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai: shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja ka bar musu kayansu. Duba har awannin da ya yi aiki. A ganinmu, SSD (sabon nau'in ma'ajiyar bayanai) mai 256GB ya fi had-dis mai 1TB ga yawancin mutane, domin ba shi da abin da ke juyawa, ya fi jure girgiza.

Kafin ka taɓa cikin kwamfutar, dafa ƙarfe tukuna, musamman da hunturu, lokacin da tartsatsin jiki ke iya ƙona bod, wato babban allon lantarkin cikin kwamfutar. Cire ƙarfen da ke riƙe tsohon faifan, ka mayar da shi jikin sabon da sukurorinsa huɗu. Sai ka ɗora Windows daga filashi mai aƙalla 8GB. Faifan da ya haura 2TB a tsara shi da tsarin raba faifai mai suna GPT, in ba haka ba ragowar ba za ta yi amfani ba.

Tsohon kuwa, in ba ya ƙara, sa shi a akwatin had-dis mai wayar USB ka kwashe takardu da hotuna kafin komai.