Darasi na 9: Ranar Buɗe Ƙofa, Komawa Cikin Mutane Bayan Killacewa

Karatu

Wani bakanike ya kamu da korona. Ya kwana shida a ɗaki shi kaɗai, matarsa tana ajiye masa abinci da ruwa a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta koma. Ran kwana na bakwai ya farka ya ji jikinsa wasai. Kafin a ankara har ya saka kayan aiki, ya ɗauko jakar sifanu.

Matarsa ta tsaya daga nesa ta ce, "Maigida, ina zuwa haka da sassafe?"

Ya ce, "Gareji mana. Motocin mutane sun taru, ni kuma na warke."

Ta ce, "Yaushe rabonka da farasitamol?"

Ya ce, "Jiya da daddare, wajen ƙarfe goma."

Ta ce, "To ai ba ka sani ba ko zazzaɓin ne ya tafi, ko maganin ne ya danne shi. Ma'aikaciyar lafiya cewa ta yi kwana ɗaya cur babu zazzaɓi, kuma babu magani."

Ya yi tsaki, amma ya ajiye jakar. Da yamma ta yi sai ga sanyi ya rufe shi. Ya saka ma'aunin zafi a hammata, ya nuna 38.3. Sai bayan kwana biyu ya fita, da takunkumi a fuska. A ranar farko taya ɗaya kawai ya kwance, ya zauna a kan benci yana haki kamar wanda ya yi tsere.

Sababbin kalmomi

Bairas: ƙwayar cuta ce ƙarama ƙwarai, wadda ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin jikin mai rai. Ire-irenta daban-daban ne ke kawo mura, ƙyanda, ƙarambau, hangum da korona.

Killacewa: ware marar lafiya daga sauran mutane don kada ya shafa musu cutar.

Takunkumi: abin rufe hanci da baki.

Farfaɗowa: dawowar ƙarfin jiki bayan ciwo ya tafi.

Tambayoyi biyu ne, kada a haɗe su

Duk wanda zai fito daga killacewa yana da tambayoyi biyu a gabansa. Ta farko: har yanzu zan iya shafa wa wani? Ta biyu: jikina zai ɗauki aikin da na saba? Mutane da yawa ɗaya suke amsawa su manta da ɗayar. Mutum zai iya jin ƙarfi alhali cutar tana fita daga hancinsa. Wani kuma ya daina yaɗa komai tun makon jiya, amma ko hawa bene ba ya iyawa. Bakaniken nan namu ya ci karo da duka biyun.

Yaushe ake fita?

Kowace cuta da nata lissafin, don haka kada ka ari kwanakin wata ka ɗora wa wata.

Mai ƙyanda yana yaɗa cutar tun kwana 4 kafin ƙuraje su fito, har kwana 4 bayan fitowarsu. Ranar da ƙurajen suka ɓullo ba a ƙirga ta, daga washegari ake fara ɗaya. Mai hangum kwana 5 ne daga ranar da kumatu suka fara kumbura. Ƙarambau kuwa fata ake dubawa: sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, babu ko ɗaya mai ruwa. Yawanci hakan yakan ɗauki kwana 5 zuwa mako guda. Ƙyandar biri ta fi su daɗewa, domin sai ɓawon ya zube sabuwar fata ta fito a ƙarƙashi, abin da kan kai mako 2 zuwa 4. Akwai kuma bairas mai kawo amai da gudawa, wadda likitoci ke kira norobairas. Ita ana jiran awa 48 bayan aman ƙarshe ko gudawar ƙarshe, musamman ga mai dafa wa mutane abinci ko mai kula da yara da tsofaffi.

Korona ce ta fi rikita mutane, kuma ba laifinsu ba ne, domin ƙa'idar ta sha canzawa. Lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana ta a matsayin annobar duniya a ranar 11 ga Maris 2020, kwana 14 ake keɓe wanda ya yi hulɗa da mai cutar, daga baya a cikin shekarar aka yanka wa marar lafiyan kansa aƙalla kwana 10. A ƙarshen 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta rage zuwa kwana 5. A watan Maris 2024 ta sake sauyawa, ta haɗa korona da mura mai tsanani a ƙa'ida ɗaya: ka zauna a gida har sai jikinka yana ta samun sauƙi, kuma ka yi awa 24 babu zazzaɓi ba tare da shan maganin saukar da zazzaɓi ba. Ƙasashe suna da nasu dokokin, asibitoci da makarantu ma haka. In ma'aikacin lafiyar da ke duba ka ya yanka maka kwanaki, nasa za ka bi.

Maganar maganin nan a riƙe ta da kyau. Farasitamol yana sauke zafin jiki na awa 4 zuwa 6, amma ba ya taɓa bairas. In ka sha da dare ka tashi da safe jiki sanyi ƙalau, ba ka tabbatar da komai ba tukuna. Ƙirgar awa 24 tana farawa ne bayan aikin maganin ya sake ka. Kuma a duba takardar magungunan mura, da yawansu akwai farasitamol a ciki ko da sunan da ke jikin kwali daban ne. Zazzaɓi shi ne ma'auni ya nuna 38 ko sama da haka. Taɓa goshi da bayan hannu yana yaudara.

Kwana biyar na farko a waje

An buɗe ƙofa, amma ba a gama ba. Ga cututtukan numfashi, ana son ka ƙara kwana 5 kana taka-tsantsan, saboda sauran ƙwayar cutar ba ta ƙarewa rana ɗaya. Saka takunkumi in za ka shiga mota da mutane ko ɗaki mai cunkoso. Bar taga a buɗe. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20, wato ka ƙirga ɗaya zuwa ashirin ba da sauri ba. Man goge hannu mai sinadarin barasa kashi 60 cikin 100 yana aiki a kan korona da mura, amma a kan bairas ɗin amai da gudawa ba ya kama ƙafar sabulu da ruwa.

Abin da ya fi wuya shi ne wannan: waɗanda ka fi kewa su ne ya kamata ka fi jinkirta zuwa wurinsu. Tsohuwarka, mai juna biyu, jariri sabon haihuwa, mai ciwon suga ko ciwon zuciya, wanda ake yi wa maganin ciwon daji. Cutar da ta kwantar da kai mako guda tana iya kai ɗayansu gadon asibiti. Kira su a waya, su ji muryarka, ziyara ta biyo baya. In kuma zazzaɓi ya dawo bayan ka fita, sai ka koma ɗaki a sake lissafi daga farko.

Wasu masu ɗaukar aiki sukan ce sai an kawo takardar gwajin da ta nuna babu cuta. A nan akwai tarko. Gwajin korona na ɗakin bincike, wanda ake kira PCR, yana iya ci gaba da nuna alamar cutar har kwana 90, domin yana tsinto ɓurɓushin ƙwayar da ta riga ta mutu. Wanda ya ce zai jira wannan gwajin ya wanke shi, zai iya yin wata uku a ɗaki a banza. Gwajin nan-take na gida ya fi nuna ko mutum yana yaɗawa a yanzu.

Ɗakin da ka kwanta

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Buɗe tagogi iska ta ratsa. Wanke zanen gado, tawul da tufafi da sabulu, a shanya su bushe sosai, kuma kada a kakkaɓe su kafin wanki. Goge inda hannu ya fi taɓawa: mariƙin ƙofa, makunnin fitila, waya, kan famfo. In amai da gudawa aka yi, a wanke banɗaki da ruwan bilic. Babu dalilin ƙona katifa ko zubar da kwanuka. Kada a taɓa gauraya bilic da wani sinadarin wanki, hayaƙin da ke tashi yana ƙona huhu.

Jikin da ya kwanta

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka za mu ɗan daɗe.

Jikin da ya yi mako guda a kwance yana rasa ƙarfin tsoka, ga shi kuma ya ƙarar da abin da yake da shi wajen yaƙi da cuta. Kasala, jiri in an miƙe da sauri, haki bayan ɗan tafiya, duk ana ganinsu. Tari yana iya bin mutum mako 3 har zuwa 8 bayan ya daina yaɗa cutar, saboda hanyar numfashi ta ƙuje tana warkewa ne a hankali. Irin wannan tarin ba ya jin maganin kashe bakteriya, su amoksisilin da danginsu, kuma shan su ba da umarnin likita ba ɓarna ce kawai. Masu korona wasu sukan daina jin ƙamshi da ɗanɗano. Ga yawancinsu yana dawowa cikin makonni. Har gashi kan zube wata biyu ko uku bayan zazzaɓi mai zafi, ya kuma sake tsirowa.

To yaya za a koma aiki? Da rabi za a fara. In ka saba awa takwas, nemi huɗu. In aikinka na ɗaukar kaya ne, fara da mai sauƙi ka bar wa abokan aiki masu nauyi. Ga ma'auni mai sauƙi da kowa zai iya: in kana aiki kana iya magana jimla guda ba ka tsaya jan numfashi ba, kana daidai. In magana tana yankewa, ka wuce gona da iri, zauna.

Alƙalin gaskiya kuwa washegari ne. Mutum zai yi aiki ranar Litinin ya ji daɗi, Talata ya kasa ɗaga kai daga matashi. In haka ta faru, jikin ne ke gaya maka aikin jiya ya yi yawa. Rage, ka yi kwana biyu ko uku a wannan matakin, sannan ka ƙara kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa. Na fi jin tsoron mai ƙarfin hali a wannan gaɓar fiye da rago, domin shi ne zai cije ya yi aikin mako a kwana ɗaya don ya rama abin da ya wuce, ya koma gado.

Akwai waɗanda abin ba ya sakinsu. A watan Oktoba 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wa wannan yanayin bayani: alamomin da suke nan wata 3 bayan kamuwa da korona, suka ɗauki aƙalla wata 2, kuma babu wata cuta da ta bayyana dalilinsu. Gajiya mai tsanani, ƙarancin numfashi da mantuwa su ne kan gaba. Wanda ke cikin wannan hali ba lalaci ke damunsa ba, asibiti ya kamata ya koma.

Waɗannan kuma ba a jira da su ko na kwana ɗaya: ciwon ƙirji, numfashi yana gagara ko a zaune, bugun zuciya ba daidai ba, leɓe ya canza launi, rikicewar hankali, ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko zazzaɓi ya dawo da ƙarfi bayan an samu sauƙi.

Idon mutane

Ka fito, sai ka ga maƙwabci ya ja da baya, abokin aiki ya matsar da kujerarsa. Abin da ciwo, amma tsoro ne, kuma tsoro ya fi jin bayani a kan faɗa. Faɗi gaskiya a gajarce: "Na yi kwana kaza a killace, zazzaɓi ya bar ni tun ranar kaza, takunkumin nan na kwana biyar ne don kariyarku." Wanda ya ji lissafi hankalinsa yakan kwanta. Ba dole ba ne ka ba kowa labarin ciwonka. Shugabanka a wurin aiki da waɗanda kuka zauna tare kafin ka kwanta sun isa.

Kai ma kanka kana iya jin baƙunta. Wasu hayaniya takan dame su, wasu barci ya ƙi zuwa saboda sun saba kwana da rana, wasu su riƙa fargaba duk lokacin da wani ya yi atishawa kusa da su. Komawa lokacin barci da tashi na da, da fita hasken rana da safe, suna gyara da yawa daga ciki. In baƙin ciki ko fargaba sun wuce mako biyu suna hana ka harkokinka, gaya wa ma'aikacin lafiya kamar yadda za ka gaya masa ciwon kai.

Aikin aji

1. Me ya sa matar bakanike ta tambaye shi yaushe rabonsa da farasitamol?

2. Ƙurajen ƙyanda sun fito wa yaro ranar Lahadi. Wace rana ce ta huɗu?

3. Wata mai dafa abinci ta yi aman ƙarshe ranar Laraba da ƙarfe 6 na yamma. Yaushe awa 48 za su cika?

4. Cike gurbi: Mai ƙarambau zai fita idan duk ƙurajensa sun ________. Zazzaɓi yana farawa daga lamba ________ a ma'auni.

5. Ku kasu biyu-biyu. Ɗaya ya zama wanda ya fito daga killacewa, ɗaya maƙwabcin da ke gudunsa. Ku gwada hirar, sannan ku yi musanya.

6. Rubuta saƙo mai jimla huɗu zuwa ga shugabanka a wurin aiki. Faɗi ranar da zazzaɓi ya bar ka, ranar da za ka dawo, da awa nawa kake neman ka riƙa yi a makon farko.