Yadda ake zagaya tsohon birnin Sakkwato da ƙafa

Abu na farko, ka sallami ɗan kabu-kabu. Tsakanin Hubbare da Kanwuri, unguwar fadar Sarkin Musulmi, ba wurin gudu ba ne, lunguna ne da ke son tafiyar ƙasa. Ka fito bayan sallar asuba, musamman in a watan Maris ko Afrilu ka zo. Ni na taɓa yin gangancin fitowa da hantsi a bazara, kafin azahar ina zaune gindin dogon yaro ina neman ruwan randa.

Ka fara da Hubbare. Nan ne gidan da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna bayan ya taso daga Sifawa a 1815, nan kuma aka rufe shi a 1817. Lokacin birnin bai cika shekara goma ba, domin a 1809 ɗansa Muhammadu Bello ya kafa shi, sannan ya faɗaɗa ganuwa ta yamma saboda mahaifinsa, abin da ya haifar da Sabon Birni. Ka cire takalmi, ka yi sallama ga masu kula da wurin, ka bar su su nuna maka kaburburan. Nana Asma'u tana nan kusa da mahaifinta. Amma kada ka nemi kabarin Bello, yana Wurno, inda ya rasu a 1837. Baƙi da yawa suna wannan kuskure.

Daga nan ka leƙa Masallacin Shehu, ka wuce Masallacin Bello da ke kusa da fadar Sarkin Musulmi. Kada ka sa ran ganin ginin ƙasa. Duka biyun an sake su da siminti, kuma a ganina an yi asarar abin kallo, ko da yake masallata sun samu yalwa. Abin lura shi ne yadda fada da masallaci da gidajen manyan sarauta suka zauna kusa da juna.

Sai aikin da ya fi daɗi, wato bin sunayen shiyoyi, kamar yadda Sakkwatawa ke kiran unguwa. Gidaɗawa zuriyar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima ce, mijin Nana Asma'u, kuma daga gidan ne Waziri Junaidu ya fito. Alƙanci, sunan kaɗai ya faɗa maka gidajen su wa ke can. A Maƙerar Assada kunnenka zai riga idonka isa. Ƙofofin birni ma haka suke: Ƙofar Rini, Ƙofar Kware, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, Ƙofar Atiku. Ganuwar ta tafi, sunayen suna bakin kowane yaro.

In ka ga tsohon zaure, ka tsaya. Galibi za ka tarar an shafe fuskarsa da siminti, wani ma an ɗora masa kwano, amma ciki yana nan yadda magini ya bar shi. Ka durƙusa ka gaida dattijon da ke kan tabarma: "Baba, ina kwana? Baƙo ne, ina son in ga ginin." In ya ce bismilla, ɗaga kai sama. Za ka ga azara, itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, an jera ta an ɗaure rufin da ita, wani wurin da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginin da ke tallafe rufi, da ya tashi daga bango ya haɗu a tsakiya. Ka dafa bangon ka ji kauri, tubali ne aka ɗora kan tubali, shi ya sa ciki ke da sanyi ana tsananin rana. Ka duba indararo ta waje, inda ruwan damina ke zuba nesa da gindin gini. Hoto kuwa sai da izini, kuma zaure ne iyakarka.

In da sauran ƙarfi, ka ƙarasa gidan tarihi na Waziri Junaidu ka ga tsofaffin takardu da kayan yaƙi. Ka tambaye su hanyar Giginya, filin da dakarun Sarkin Musulmi Attahiru suka tari Turawa ranar 15 ga Maris, 1903. Can kam sai ka sake neman ɗan kabu-kabu.