Yadda Ake Haɗa Salsa Don Guzurin Kwanan Daji

Salsa miyar dangwale ce ta mutanen Meziko, kuma a Sifaniyanci kalmar tana nufin miya. Tun kafin Sifaniyawa su ci daular Aztek a 1521 ake kirɓa tumatir da barkono a turmin dutse a can. Ni dai idan zan kwana a daji ko zan hau dutse, na fi son ta a kan 'yan biskit ɗin ƙara kuzari na kamfani, waɗanda zaƙinsu ke gundurar baki tun a rana ta biyu.

Kada ka haɗa ta tun daga gida, ka tafi da kayan a ɗanyensu: tumatir 4 masu tauri, ƙaramar albasa, attarugu 1 ko 2, tafarnuwa, lemun tsami da gishiri. Tumatirin da wuƙa ba ta taɓa ba yana jure tafiya, yankakke kuwa nan da nan yake tsami.

Idan an yada zango wuta ta zama garwashi, sai ka ɗora tumatir da attarugu da tafarnuwa a kai, kana jujjuyawa har bayansu ya yi baƙi-baƙi, tumatirin ya saki. Nan daɗin yake, don haka kada ka yi gaggawa. Ka ɓare tafarnuwar, ka rage ƙonannen ɓawon tumatir amma kada ka cire duka, shi ke ba da ƙamshin hayaƙi. Ka murƙushe su a kwano da bayan cokali, ba sai sun yi laushi luƙui ba. Zuba yankakkiyar albasa, matse lemun tsami, sa gishiri, a bar ta minti 10.

Sai dai salsa ita kaɗai ba ta riƙe ciki. Kusan kashi 95 cikin 100 na tumatir ruwa ne, giram 100 bai wuce kalori (ma'aunin kuzarin abinci) 18 ba, alhali biskit ɗin kamfani guda ɗaya kan kai 200. Shi ya sa 'yan Meziko ke cin ta da totiya, wato gurasarsu ta masara, da wake. Ka haɗa ta da gurasa ko dafaffen wake, ƙarfi ya zo daga nan, ita kuma ta buɗe maka baki ta mayar da gishirin da gumi ya fitar. Biskit ɗin ka bar guda biyu a aljihu saboda tsakiyar hanya, inda ba halin hura wuta.

Ka yi daidai cin lokaci ɗaya. Ba firij a daji, kada ta wuce awa 2 a ajiye, idan kuma zafi ya haura digiri 32, awa 1.