Lissafin wutar da talabijin ke ci kafin a ɗora ta kan batir

Ƴan'uwa na Damagaram, kafin ku haɗa talabijin da batirin sola, ku juya bayanta ku duba ƴar takardar da aka liƙa, domin a nan aka rubuta ƙarfin wutar da take ja, da harafin W, wato wat. Wat 1000 ne ke yin kilowat 1. Ku ninka wat da awoyin kallo, sannan ku raba da 1000: talabijin mai wat 50 da ke kunne awa 6 kullum tana cin kilowat-awa 0,3 a rana, wato 9 a wata, kuma tsohuwa mai ƙeya takan ci fiye da haka sosai. Idan amfiya kaɗai aka rubuta, da harafin A, ku ninka ta da bolt ɗin da talabijin ɗin ke aiki da shi, kamar 220, ku sami wat.

Inda mutane suka fi yin asara shi ne wajen batir. Mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1200, wato 12 sau 100, amma batirin dalma ba ya son a zuƙe shi fiye da rabi, saboda haka 600 kawai za ku ƙirga, kuma daga ciki talabijin ɗin nan mai wat 50 za ta ci 300 a rana, dikoda da fanka ma za su ci nasu, musamman lokacin zafin bazara. Idan an gama kallo, a zare fulogi, domin jar fitilar nan ma tana shan wuta.